St Andrews: Garin Da Hannun Gwani Ke Rawa

A gabashin ƙasar Sikotlan, a bakin Tekun Arewa, akwai wani ɗan gari mai suna St Andrews, wanda mutanensa ba su kai dubu 20 ba. Matafiyin da ya taso daga Edinbara, babban birnin ƙasar, yakan shiga jirgin ƙasa, ya ƙetare doguwar gadar ƙarfe ta Forth, ya yi tafiyar kamar sa'a guda, ya sauka a tashar Leuchars. Daga nan sai ya nemi mota, gama tun shekarar 1969 aka rufe reshen hanyar jirgin da ke shiga garin. Tun daga nesa zai hango gine-ginen duwatsu masu launin toka, da kangon wata babbar majami'a wadda a zamaninta babu mai girmanta a duk Sikotlan. Manyan titunan garin guda uku duk wajen kangon nan suka nufa. Akwai kuma jami'a wadda aka kafa tun 1413, ita ce mafi tsufa a ƙasar.

Amma yawancin baƙin da ke sauka a tashar nan da dogayen jakunkuna a kafaɗa, daga Amurka da Japan da sauran sassan duniya, wani abu dabam ya kawo su. Wani zirin ƙasa ne mai yashi da ciyawa da ƙaya, a gefen gari, tsakanin gidaje da teku, wanda ake kira Old Course, watau Tsohon Fili. Masu wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, sun ɗauki wurin nan tamkar mahaifar wasansu. Wani yakan yi shekara da shekaru yana tara kuɗi, yana mafarkin ranar da zai tsaya a nan. To, abin mamaki, ranar ta zo, an kira sunansa, sai a ga dattijo mai furfura, wanda ya saba ba da umurni a ofis kowa na rawar jiki, ya kasa ɗora ƙwallo a kan ɗan tsinke saboda hannunsa na karkarwa.

Yadda Wasan Yake

Domin mai karatun da bai saba da wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Fili yana da ramuka 18, faɗin bakin kowane rami inci huɗu da kwata. Ɗan wasa yana da sanduna masu kan ƙarfe waɗanda doka ba ta yarda su wuce 14 ba. Yakan fara bugu daga wani wuri da aka keɓe, wanda za a iya kira mafari, ya yi ta bin ƙwallonsa yana bugu har ya zura shi a rami, sa'an nan ya nufi rami na gaba. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Kewaye da kowane rami akwai ciyawa mai laushi da aka aske kamar darduma, inda ake gangara ƙwallo a hankali. A kan hanya kuma akwai tarkuna, watau kwarin yashi, wanda in ƙwallo ya faɗa sai an sha fama kafin ya fito.

Babban abin da ya raba golf da sauran wasanni shi ne, ƙwallon a tsaye yake cik. Babu mai tsaron gida, babu abokin gaba da zai zo ya ƙwace. Ɗan ƙwallon ƙafa ba shi da sukunin tunani, ƙwallo na zuwa sai ya buga. Ɗan golf kuwa yana da lokaci har ya yi masa yawa. Zagaye ɗaya yakan ci sa'a huɗu, alhali kuwa bugu ɗaya bai cika daƙiƙa biyu ba. In aka haɗa dukan bugun da gwani zai yi a yini, ba zai kai minti biyar ba. Sauran lokacin duka tafiya ce da jira da saƙe-saƙen zuci, kuma a nan ne tsoro yake samun wurin zama.

Wasan ya daɗe a wannan ƙasa. A 1457 Sarki James na Biyu ya hana shi, domin yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbi da baka. A 1552 wata takardar yarjejeniya ta tabbatar wa mutanen St Andrews 'yancinsu na yin wasan a wannan fili. A 1754 wasu manyan mutane 22 suka kafa ƙungiyar da daga baya, a 1834, ta sami sunan Royal and Ancient. A 1764 aka rage ramukan filin daga 22 zuwa 18, har duniya ta bi wannan adadi. Dokokin da ake bi a filayen golf na Kaduna da Kano da Rayfield ta Jos, daga garin nan ake tsara su, tare da takwarar hukumar da ke Amurka.

Ranar Wanka

Mafarin rami na farko yana nan a gindin gidan ƙungiyar, wani ƙasaitaccen ginin dutse da aka buɗe a 1854, mai babbar taga tana kallon fili. A bayan tagar nan 'yan ƙungiya sukan zauna suna kallo. A dama akwai farin shinge da hanyar zuwa bakin teku, inda masu yawon buɗe ido ke jingina. A hagu, can ƙetaren fili, akwai titi da jerin gidaje da masaukai, kowace taga da mai leƙe. Ga waɗanda za su buga a baya suna jiran layi, ga masu ɗaukar jaka, waɗanda ake kira kadi, sun harɗe hannuwa, sun ga dubban bugu, ba abin da zai burge su. Kowane minti goma ma'aikacin da ke tsare da mafarin yakan sallami mutum huɗu. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to nan ma haka abin yake.

Kuma ba da sauƙi ake isowa wurin ba. Filin na jama'a ne, wata hukumar amintattu da doka ta kafa a 1974 ke kula da shi, amma masu so sun fi gurbi yawa nesa ba kusa ba. Wasu sukan nemi izini tun shekara guda kafin su zo, wasu su shiga ƙuri'ar da ake jefawa kwana biyu kafin ranar wasa. A shekarun baya har kwana ake yi a waje cikin sanyi ana layi. Sai kuma mutum ya nuna takardar shaidar cewa ya ɗan iya wasan. Saboda haka wanda ya tsaya a mafarin nan ya san mai yiwuwa ne wannan ce damarsa ta farko kuma ta ƙarshe.

Abin da zai ba mai karatu dariya shi ne, a duk fitattun filayen duniya da wuya a sami bugun da ya kai wannan sauƙi. Sararin rami na farko ya haɗe da na rami na 18, faɗinsu tare ya kai yadi 129, ya fi tsawon filin ƙwallon ƙafa. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, babu itace, babu kwarin yashi ko ɗaya. Wata 'yar hanya ce kawai ta ratsa ta, sai kuma wani ɗan rafi mai suna Swilcan can gaba kusa da darduma. Tsawon ramin duka yadi 376 ne. Da za a kwashe mutanen nan a bar ɗan wasa shi kaɗai da asuba, da ido rufe ma zai iya bugawa. An ce tsoro na daji, kunya na gida. Abin da ke kama mutum a nan na gidan ne, watau nauyin idon jama'a.

Manya Ma Ba Su Tsira Ba

Mutanen garin suna da labarai da yawa a kan wannan mafari. Suna ba da labarin Janar Eisenhower na Amurka, wanda ya jagoranci rundunonin ƙawance a Turai a Yaƙin Duniya na Biyu, cewa da ya zo wasa a 1946 ya ga taron da ke jiransa, sai ya wuce ya fara daga rami na biyu.

Akwai kuma wata al'ada ta ƙungiyar. Kowace shekara a watan Satumba, sabon shugabanta yakan kama mulki ne da bugu ɗaya daga mafarin nan, da ƙarfe takwas na safe, a gaban jama'a, kuma yana bugawa ana harba igwa. Kadi-kadin garin sukan bazu a fili, wanda ya tsinci ƙwallon ya mayar, shugaba ya ba shi tsabar zinariya guda. Su kuwa kadi sun san hannun kowa, saboda haka inda suka tsaya shi ne hukuncinsu a kan gwanintar sabon shugaba. In sun matso kusa, ya san abin da suke nufi. A 1922, sa'ad da Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Takwas, ya karɓi shugabancin, kusa suka tsaya, kuma bugun da ya yi bai ƙaryata su ba.

Labarin da ya fi ban tausayi shi ne na Ian Baker-Finch, mutumin Ostareliya. A 1991 ya ci gasar Open, watau gasar golf mafi tsufa cikin manyan gasannin duniya, a filin Royal Birkdale na Ingila. Bayan wannan nasara sai ya shiga gyare-gyaren salon bugunsa, yana son ƙwallo ya ƙara nisa, har ya rasa amincewa da hannunsa. A wajen atisaye yana buga ƙwallo kamar da, amma da an ce gasa sai jiki ya ƙi. A 1995 gasar ta zo St Andrews, aka haɗa shi da Arnold Palmer, wanda ke yin gasarsa ta ban kwana, jama'a kuwa sun yi dafifi. Baker-Finch ya buga, ƙwallon ya karkata hagu, ya ƙetare sararin nan mai yadi 129 gaba ɗaya, ya fice daga fili. Shekara biyu bayan haka, a filin Royal Troon, ya yi bugu 92 a zagaye ɗaya, ya janye daga gasar. Daga baya ya zama mai sharhin golf a talabijin, ya yi shekaru da yawa ana jin daɗinsa, ana girmama shi.

Me Ke Faruwa A Jiki?

Likitoci sun bayyana abin da ke faruwa. In mutum ya ji kamar yana cikin haɗari, jiki yakan saki wani sinadari mai suna adirenalin. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta, tafin hannu ya jiƙe, tsokoki su ɗaure. Wannan shiri ne mai kyau ga wanda zai gudu ko zai yi kokawa, amma jiki ba ya bambanta zaki da 'yan kallo. Shi kuwa bugun golf yana son sakakkiyar kafaɗa da riƙo mai laushi. Wanda ya damƙe sanda kamar zai kashe maciji, ya ɗaga da gaggawa don ya rabu da abin, shi ne ƙwallonsa ke gangarawa yadi goma ya tsaya.

Masana halayyar ɗan Adam kuma sun ƙara haske. Wata malama a Amurka, Sian Beilock, ta yi gwaje-gwaje da 'yan golf wajen gangara ƙwallo zuwa rami. Ta gano cewa gwanaye sun fi kuskure in an ce su lura da motsin hannunsu, sun kuma fi dacewa in an ɗauke hankalinsu da wani abu dabam. Dalili kuwa, abin da hannu ya riga ya haddace, in hankali ya sa baki sai ya ɓata shi, kamar mai saukowa daga bene da ya tsaya tunanin wace ƙafa zai fara sa wa. Jin nauyin ido yana juyo da hankalin mutum kansa, ya zama shi ne mai bugu, shi ne kuma ɗan kallo.

Wani malamin, Thomas Gilovich na Jami'ar Cornell, shi da abokan aikinsa sun wallafa wani gwaji a shekarar 2000. Sun sa ɗalibai su sa wata riga mai ban kunya su shiga ɗakin da ke da mutane. Masu rigar sun zaci kusan rabin mutanen ɗakin sun lura da ita, ashe waɗanda suka lura ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wannan ya dace da mafarin St Andrews ƙwarai. Masu jiran layi suna fama da nasu cikin da ke kaɗawa. Masu jingina da shinge suna ɗaukar hoton gini. Kadi yana lissafin iska. Bayan minti goma wasu huɗu sun hau, an manta da na baya.

Dabarun da masu koyarwa da tsofaffin kadi ke ba baƙo ba su da yawa, kuma babu ta korar tsoro a cikinsu, sai dai ta zama da shi. Mutum ya ɗauki sandar da ya fi amincewa da ita, ko da ba ita ce mai nisa ba. Ya ja dogon numfashi ya sake shi a hankali, ya sassauta riƙo. Kada ya ce zai buga cikin faɗin fili kawai, ya zaɓi abu ɗaya ƙarami can nesa ya nufe shi, kuma a rami na farko kadi yakan karkatar da shi hagu, nesa da farin shingen. Jack Nicklaus, wanda ya ci gasar Open sau biyu a nan, a 1970 da 1978, an san shi da zaɓen ɗan tabo a ciyawa 'yan taku kaɗan gaban ƙwallo, ya daidaita sandarsa da shi. Mafi muhimmanci, ɗan wasa ya kasance yana da tsari guda da yake bi kafin kowane bugu, taku nawa, kallo nawa, ba ƙari ba ragi, ko shi kaɗai ne ko a gaban dubu. Wannan kuwa a gida ake koyonsa, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Saurayin Da Ya Ɗauke Ƙwallonsa

Da an ƙetare rafin Swilcan, gari yakan koma baya, 'yan kallo su ɓace. Filin ya miƙe arewa kamar sandar makiyayi mai lanƙwasa a ƙarshe, ramuka suna fita, wasu suna dawowa ta gefensu. Darduma bakwai manya-manya kowacce ramuka biyu ke tarayya a kanta, kuma in aka haɗa lambobin ramukan biyu kullum 18 suke bayarwa. Ƙasar ta yi tudu da gangare kamar raƙuman ruwa, ga ƙaya mai furanni rawaya, ga iskar teku da ke iya juyawa sau biyu kafin azahar. Kwarin yashi birjik ne a filin, da yawansu ba a ganinsu sai an zo kansu, kuma sunayensu kaɗai sun isa faɗakarwa, akwai Jahannama, akwai Akwatunan Gawa. A shekarar 2000 Tiger Woods ya yi kwana huɗu yana gasa bai faɗa ko ɗaya ba, ya ci da ratar bugu 8.

Can ƙarshen filin, inda kogin Eden ke shiga teku, nan rami na 11 yake. A nan ne a 1921 wani saurayi Ba'amurke ɗan shekara 19, Bobby Jones, ya gamu da ranar da bai taɓa mantawa ba. A zagaye na uku na gasar Open ya yi bugu 46 a ramuka tara na farko, ya zo na 11 ya faɗa kwarin yashi, ya yi ta fama. Fushi da kunya suka rufe shi, ya sunkuya ya ɗauke ƙwallonsa, wanda ke nufin ya fita daga gasar. Shi da kansa ya riƙa ambaton wannan a matsayin abin kunya mafi girma a rayuwarsa ta wasa.

Jones bai rabu da fargaba ba har ya bar gasa. An san yakan rame a makon gasa saboda damuwa. Abin da ya koya shi ne ya riƙe kansa, ya karɓi mummunan bugu ya wuce. A 1927 ya komo St Andrews ya ci gasar Open da ratar bugu 6, jama'a suka ɗauke shi a kafaɗa. A 1930 ya ci gasar 'yan sha'awa ta Birtaniya a nan, a shekarar da ya haɗa manyan kofuna huɗu, sa'an nan ya yi ritaya yana ɗan shekara 28. A 1958, cuta ta riga ta raunana ƙafafunsa, garin ya ba shi 'yancin zama ɗan gari, girmamawar da Ba'amurke ɗaya kaɗai, Benjamin Franklin, ya taɓa samu kafinsa. Yau rami na 10 sunan Bobby Jones yake ɗauke da shi, maƙwabcin ramin da ya ji kunya a kansa.

Hanyar Komowa Gida

A kan hanyar dawowa hasumiyoyin gari sukan yi ta matsowa, idanu kuma su fara dawowa. Rami na 17, wanda ake kira Ramin Hanya, yana cikin mafiya wuya a duniya. Daga mafarinsa ba a ganin inda ƙwallo zai sauka, sai an buga ta saman wani ɓangare na harabar wani masauki. A bayan dardumarsa akwai titi da katangar dutse, a gabanta kuma wani ɗan kwarin yashi mai zurfi da tsayayyen bango. A 1978 Tommy Nakajima na Japan yana cikin na gaba-gaba a gasa, ya hau darduma lafiya, ya gangara ƙwallo sai ya sulale cikin kwarin nan. Sai a bugu na huɗu ya fito, ya gama ramin da bugu 9. Har yau wasu na kiran wurin Yashin Nakajima.

Daga nan sai rami na 18, a haye 'yar tsohuwar gadar dutse ta Swilcan, inda Palmer a 1995 da Nicklaus a 2005 suka tsaya suka ɗaga wa jama'a hannun ban kwana. Ramin gajere ne, yadi 357, sai dai a gaban dardumarsa akwai wani gangare mai suna Kwarin Zunubi, kuma mutane sun kewaye ta a bayan shinge. A kan wannan darduma aka yi abubuwa biyu waɗanda in an jera su sun ƙunshi dukan darasin wurin.

Na farko a 1970 ne. Doug Sanders na Amurka yana bukatar bugu huɗu a ramin ƙarshe ya ɗauki kofi. Bayan bugu uku, tsakanin ƙwallonsa da rami bai wuce ƙafa uku ba, abin da yaro zai zura. Ya tsaya a kan ƙwallon ya daɗe, yana kallon rami yana kallon ƙwallo. Can sai ya ga kamar wani ɗan abu a kan hanya, ya sunkuya ya kawar. Maimakon ya ja da baya ya sake shiri daga farko, sai ya koma yadda yake ya tura. Ƙwallon ya bi ta gefen dama ya wuce. Washegari aka yi karon raba gardama, Nicklaus ya yi 72, Sanders ya yi 73. Sanders ya ci gasa 20 a Amurka, amma har ya rasu a 2020 bai ɗauki ko ɗaya daga manyan kofunan ba, kuma duk inda ya shiga tambayar ƙafa ukun nan ake yi masa.

Na biyu a 1995 ne, makon da Baker-Finch ya fitar da ƙwallo waje. Costantino Rocca na Italiya, wanda ya fara rayuwa yana ɗaukar jakar wasu, ya kuma yi shekaru yana aiki a masana'antar roba, yana bukatar bugu uku a ramin ƙarshe don ya kamo John Daly. Bugunsa na farko ya kai kusa da darduma. Na biyu, ɗan gajeren bugu ne da ya yi dubbai irinsa, amma sandar ta caki ƙasa, ƙwallon ya yi ɗan tsalle ya gangara cikin Kwarin Zunubi. Kuskure ne irin na ɗan koyo, a gaban dubban mutane da kyamarorin duniya. Rocca ya tattara hankalinsa, ya duba hanya, ya tura ƙwallon daga nisan kamar ƙafa 65. Ƙwallon ya hau gangaren, ya miƙe, ya faɗa rami. Mutumin ya zube rub da ciki yana dukan ƙasa da hannu. Daly ne ya ci karon raba gardamar da ya biyo baya, amma bugun Rocca ake tunawa. Shekara biyu bayan haka, a gasar Kofin Ryder a Sifen, Rocca ya doke Tiger Woods gaba da gaba.

Dukansu biyu tsoro ya kama su, hannun kowannensu ya ci amanarsa. Sanders ya ji shirinsa ya katse amma bai ja da baya ya sake ba. Rocca kuwa kunyar ta riga ta same shi gaba ɗaya, babu sauran abin ɓoyewa, sai ya fuskanci bugun da ke gabansa.

Ranar Lahadi

Wanda ya sami hali ya kwana har Lahadi zai ga wani St Andrews dabam. In ba ana babbar gasa ba, ba a wasa a Tsohon Fili ranar Lahadi. Tsohuwar al'ada ce, wadda Tom Morris Babba, mai kula da filin kusan shekara 40 a ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, ya tsaya a kanta, yana ganin ko 'yan wasa ba su bukatar hutu, filin yana bukata. Ran nan sai wurin ya zama dandalin kowa. Iyalai suna yawo, karnuka suna guje-guje a kan sararin da zakarun duniya suka yi gumi, ɗalibai suna layin ɗaukar hoto a kan gadar Swilcan.

A gefen rami na farko, wajen teku, akwai wani ɗan fili mai tudu da kwari da ake kira Himalaya, na ƙungiyar matan garin da aka kafa a 1867, inda kowa ke iya biyan kuɗi kaɗan ya gangara ƙwallo. A nan za a ga tsohuwa da jikanta suna wasa, yaron ya buga ƙwallo ya wuce rami ya dawo ya sake wucewa, mutane na kallo, shi kuwa dariya kawai yake yi.

Baƙon da zai buga ran Litinin yakan zo ranar Lahadin nan ya tsaya kusa da mafari, ya dubi babbar tagar, ya dubi farin shingen, ya auna faɗin filin da idonsa. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Ba lalle wannan ya hana gabansa faɗuwa da safe ba, gama ya faɗi ga yarima, ya faɗi ga zakaran Open. Amma in an kira sunansa, ya ga tsinken na rawa a hannunsa, zai san cewa sama da shekara 400 ke nan ana kuskure a wannan fili, garin kuwa bai kori kowa ba. Sai ya soke tsinken a ƙasa, ya ja numfashi, ya nufi inda kadi ya nuna masa, ya buga. Duk inda ƙwallon ya faɗa, can zai bi shi, gama wasu huɗu suna baya suna jira.